Shekarar Da Aka Wanke Kwandunan Inna

Kwanakin baya 'yan mata uku daga Islamiyyar unguwarmu suka shigo mini da sallama, suka ce in koya musu daddawa. Ɗayarsu ta nuna mini wata mata a waya tana yi, daga dafa kalwa har shanya, kafin in gyara zama an gama. Ta ce, "Iya, ashe ma ba wuya. A dafa, a rufe, a daka." Ban musa mata ba. Matar cikin wayar ba ta yi ƙarya ba, haka ake yi. Abin da ba a nuna ba shi ne gidan da take ciki. Ban ga yaro ya rarrafo bakin murhu ba, ban ga akuya ba, ban ji an yi sallama a zaure ba. Ita kuwa daddawa a tsakar gida ake yinta, cikin mutane, kuma rabin sana'ar shi ne tsare ta daga mutanen da kike ƙauna.

Tsintar kalwa ce aikin da Inna, mahaifiyar maigidana, ta fara ba ni lokacin da aka kawo ni Gwaram daga Birnin Kudu. Lallen hannuna bai gama gogewa ba. Ta ajiye mini faifai cike da 'ya'yan ɗorawa, ta ce in fitar da tsakuwa da waɗanda ƙwaro ya huda. Na tsince na kai mata. Ta shafa tafin hannunta a kai sau ɗaya, ta ɗauko tsakuwa biyu ta ajiye a gabana. Na koma na sake. Na daɗe ina tsinta kafin ta bar ni in taɓa wuta, na daɗe ina iza wuta kafin ta bar ni in leƙa ɗakin kwanduna. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, 'yar Fagam, can ta koyi sana'ar a gidansu. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan aiki ba. In kin yi daidai sai ta ce, "To." In kin ɓata sai ta karɓa ta yi a gabanki a hankali, yadda ba za ki sake ɓatawa ba. Allah Ya jiƙanta.

Dafuwar farko ita ke cin itace. Kalwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Ana ɗora ta da hantsi, ta wuni a wuta ana ƙara ruwa, ta kwana a kan garwashi, sai gari ya waye ɓawonta ke yin laushi. Daga nan a zuba a turmi da ɗan toka a surfa, ba da ƙarfi ba, don ɓawon ake so ya fita, ba ƙwayar ta farfashe ba. Sai wanki a gwagwa, wato tukunya mai huji-huji, ana cuɗawa ana zuba ruwa har ɓawon ya tafi, ƙwayar ta fito fara. Ruwan kuwa daga rijiya ne, guga bayan guga, ga goyo a baya. Sai a sake dafawa da 'yar kanwa, a tsane, a juye cikin kwando da aka shimfiɗa wa buhu, tana tururi, a barbaɗa ɗan toka, a lulluɓe da wasu buhunan, a rufe ɗaki. Wannan ɗan tsakanin, daga wuta zuwa kwando, shi ne sana'ar. In ta huce a hanya kin yi asarar itace da kalwa da kwanaki. Kuma ban san me ya sa ba, a daidai wannan lokacin ne yaro ke faɗuwa, ko maƙwabciya ta shigo aron rariya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma ba a haɗa su da na girki. Tukunyarta daban, muciyarta daban, turminta daban. Abu uku ba sa kusantar ta: gishiri, mai, sabulu. Ku duba ku gani, wane gida ne babu waɗannan ukun a kowane lungu? Ranar da 'yata Hadiza ta fara koyon tuwo, ta rasa muciya, ta ɗauki ta kalwa ta tuƙa, ta kuma tsoma ta a miya don ta ɗanɗana. Da Inna ta gani, ba ta dake ta ba. Ta ce, "To, kin samu muciya, taki ce daga yau." Ta aika aka sassaƙo wata, ta rataye ta a saman rumfa inda sai babba zai kai. Haka take gyara gida, ba da faɗa ba. Turmi ta kife, kanwa a rataye, kajin gida kuwa ranar shanya a kulle suke wuni.

Kwandunan uku ne, da buhunan algarara da suka yi baƙi ƙirin don daɗewa. Inna ta zo da su daga Fagam, su ma can gadonsu aka yi. Ba a wanke su. In an kwashe daddawa sai a kakkaɓe, a shanya a rana, a mayar ɗaki. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Irin yana jikinsu. Kalwa ba ta san yadda za ta zama daddawa ba, buhu ke gaya mata." Ban fahimta ba a lokacin. Abin da na sani shi ne, in aka rufe kalwa a cikinsu, bayan kwana biyu ko uku, ya danganta da zafin gari, sai ki ɗora hannu a kan buhun ki ji ɗumi kamar jikin mai rai. Wata rana aka nemi ɗana na fari aka rasa, yana ɗan rarrafe. Muka duba bayan gida, muka leƙa rijiya, hankalina ya tashi. Ashe ya tura ƙyauren ɗakin Inna, ya jingina da kwando yana barci, ɗumin ya yi masa daɗi. Na yunƙura zan fizgo shi, Inna ta riƙe mini hannu. "Bar shi. Bai buɗe ba ai. Ɗumi yake ƙara mata."

Ranar daka ita ce ranar da unguwa ke sanin ana daddawa a gidanmu. Warin ba ya tsayawa a katanga. Yana shiga tufafi, yana shiga littattafan yara, yana bin mutum har masallaci. Yaran sun sha tsokana a makaranta. Malam, maigidana, ya fi kowa shan ta, don abokansa na majalisa angon daddawa suke ce masa har ya yi furfura. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ku faɗi abin da kuke so, miyar gidajenku dai daga ɗakin uwata take samun daɗi." Ranar daka sai ya ɗauki tabarmarsa daga zaure ya koma gindin darbejiya a waje, baƙinsa su same shi can. Manomi ne, amma in ɗorawa ta nuna shi ke zuwa kasuwar Sara ya sayo kalwar shekara, ya san ta bana, ya san ta bara da aka jiƙa aka yi mata kwalliya. Shi ke kawo itace. Shi ke ɗaure kwalin daddawa a bayan babur ya kai Birnin Kudu. Bai taɓa ce mini ga abinci ya makara saboda kalwa ba, alhali ya sha makara.

Bayan daka sai mari, wato a gutsiro a mulmula a buga tsakanin tafin hannu ta yi faɗi, a shafa mata ruwan makuba, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, don ta yi baƙi ta yi sheƙi, a jera a tabarma a rana. Daga nan aikin ya koma gadi. Akuya, kaza, ƙuda, hadari, da yaran maƙwabta masu ƙwallo. Mutane kuma suna ganin wadda take gida ba aiki take yi ba. Mace za ta shigo ta zauna a kan turminki ta kawo labarin bikin da ba a gayyace ta ba, ke kuwa hannunki dumu-dumu. Ba za ki kore ta ba, maƙwabciya ce, gobe ita za ta kama miki haihuwa. Inna ta koya mini dabara: ki miƙa mata faifai ki ce, "Taya ni tsinta muna hira." Mai son hira za ta zauna ta yi miki aiki, wadda ba ta so za ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Babbar mai sayen kayanmu Hajiya Mairo ce, mai tuwo a tashar Birnin Kudu. Tun zamanin Inna take saye. In kwali ya isa sai ta ɗauki ɗaya ta karya, ta kai hanci, ta duba cikin. Ba ta yabo. In ta ce wa Malam, "Ka gaida mutanen gida," to ta yi. Sau ɗaya ta taɓa dawo mana da kaya, shekarar da na fara yi ni kaɗai bayan rasuwar Inna, ta aiko cewa a gaya wa yarinyar nan ta yi gaggawar buɗewa. Gaskiya ta faɗa. Da abin da ke fitowa daga tukunyar Hajiya da na masu saye a ƙofar gida muke cefane, mu yi wa yara sutura, hatsin gona kuwa ya zauna don tuwo.

Shekarar da nake son in ba ku labari, Malam ya sayo kalwa kamar kullum, ya zuba a rumbu, ya yi sharar gona. Ruwan farko ya sauka, ya kwanta ciwo. Bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya gafarta masa.

Gida ya cika. Mata daga Kano, daga Birnin Kudu, daga ƙauyuka, ga damina ta kankama, babu mai kwana a tsakar gida. Ni ina ɗakina a zaune kan tabarma ina amsa gaisuwa, ban san abin da ake ciki a waje ba. Wadda ta riƙe gidan ita ce Hajiya Talatu, ƙanwar Malam, da ke aure a Kano. Mace ce mai kuzari da tsafta, in ta shiga wuri sai ta gyara shi. Tun ina sabuwa take ce mini Amarya, ba ta daina ba har na aurar da 'ya. Ita ta ciyar da baƙi, ita ta raba wuraren kwana, ita ta tsaya a kan komai, alhali ɗan'uwanta ne ya rasu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da mutane suka watse, ita ta zauna don ta taya ni zaman takaba na ɗan lokaci. Na ga ba zan zauna hannu sake ba, ga yara huɗu a gabana, na ce bari in ɗora kalwa. Na tura ƙyauren ɗakin Inna, ƙamshin turaren wuta ya tare ni. An share, an goge, an shimfiɗa leda a ƙasa. Kwandunan suna jingine a bango, sun yi fari tas kamar yau aka saƙa su. Buhu ko ɗaya babu.

Na ce, "Talatu, ina buhunan?"

"Waɗanne? Baƙaƙen tsummokaran nan? Na sa an ƙone su. A nan mutanen Kano suka kwana, da a kan me kike so su kwanta? Ga sababbi can na sayo miki, na leda, masu kyau. Kwandunan kuwa ni da kaina na zauna na dirje su da soso da garin sabulu, hannuna har yau zafi yake. Ke dai Amarya ƙazama ce, haka kika riƙe mana ɗakin uwa?"

Dariya take so in yi, don ta kwana biyu ba ta ga haƙorana ba. Na yi mata murmushi, na ce an gode. Me zan ce? Alheri ta yi. Ta tashi a gidan nan, amma tun tana yarinya ba ta shiga ɗakin, an aurar da ita da wuri ta tafi birni. Ba ta sani ba.

Na ce a raina wataƙila maganar Inna ta tsofaffi ce kawai. Na dafa, na surfa, na wanke, na rufe a buhunan leda. Da na buɗe sai ruwa kwance a ƙasan kwando, kalwar ta yi gumi ta yi tsami, wari irin wanda ba namu ba. Na haƙa rami a bayan gida na binne. Na aika aka samo mini buhun algarara sabo, na sake ɗorawa. Ranar juyewa, na tsane kalwa ke nan tana tururi, sai sallama. Dangin Malam ne na nesa daga Farin Dutse, tsofaffi, ruwa ya hana su zuwa da wuri, sun taho a ƙafa daga bakin titi. Mai takaba ba ta barin irin waɗannan a tsaye. Na shimfiɗa musu tabarma, muka gaisa, suka yi addu'a, suka yi ta tuna yarintarsa. Ina jin su, ina kuma jin tururin yana raguwa a bayana. Da suka tashi kalwar ta huce. Na rufe ta haka. Ba ta yi ɗumi ba, ba ta yi yauƙi ba, ta zauna fara kamar yadda na zuba ta, daga baya ta yi fumfuna. Ita ma rami.

Na leƙa rumbu. Abin da ya rage bai wuce dafuwa ɗaya mai kyau ba, kuma lokacin kalwa ya wuce, ta kasuwa ta yi tsadar da ba zan iya ba. Hajiya Mairo ta aiko direba da gaisuwa da ƙwaryar shinkafa, da saƙo cewa tana jira, amma tukunya ba ta jira, ta fara karɓa a wani wuri kafin in tashi.

A makon ne Yaya Garba, wan Malam, ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a ƙofar zaure, Talatu tana tsakani tana kawo magana. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya aka nome mana gona a shekarar. Ya ce ya ji sana'ar ta tsaya, kuma ba zai zuba ido 'ya'yan ƙaninsa su wahala ba. In na fita takaba abin bai daidaita ba, zai ɗauki maza biyu, Talatu ta tafi da Hadiza Kano, a bar mini Auta, in koma gidanmu Birnin Kudu in na so. Ya ce ba kora ba ce, sauƙi ne. Na ce a gaya masa na ji, Allah Ya saka da alheri. Yaran suna bayan rumbu, sun ji komai. Da yamma Auta ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Iya, ni ba wanda ya zaɓe ni?" Na ce masa ni na zaɓe shi.

Washegari Talatu ta same ni ina tsintar ragowar kalwar. Ta zauna ta jawo faifai.

"Amarya, shekara nawa kina yin abin nan bai taɓa ƙi ba. Gaya mini gaskiya, me ya faru?"

Na ce damina ce, da sanyin ƙasa.

"Damina yau aka fara ta? Kalle ni."

Sai na gaya mata abin da Inna ta ce game da buhu. Ta ajiye faifan. Ta juya tana kallon ƙofar ɗakin Inna.

"Da hannuna," ta ce. "Na ƙone, ina ta murna na yi miki gyara." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kin san me ya hana ni shiga ɗakin nan? 'Yan mata ne suke toshe hanci in na zauna kusa da su a makarantar allo. Na rantse ba ni ba daddawa. To ga shi."

Na ce ƙaddara ce, ta bar maganar.

"Ƙaddara ce, amma ba zan bar ta ba. Gwaggo Dije tana da rai ai?"

Gwaggo Dije ƙanwar Inna ce, tana Fagam, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ni ba ni da halin fita. Da gari ya waye Talatu ta yi wanka, ta sa leshinta mai tsada da mayafi mai duwatsu, ta fesa turare, ta ce ba za ta je gidan gwaggonta kamar 'yar gudun hijira ba. Ta fita da sassafe.

La'asar sakaliya sai ga ta, rungume da kwando baƙi a ƙirji kamar jariri, an ɗaure bakinsa da tsumma, leshin nan duk ya yi dabbare-dabbare. Tun daga zaure na ji warin. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Karɓi, karɓi kafin in mutu," ta ce. "Kin san abin da na gani yau? Mota ta farko, ina shiga mutane suka fara tari. Wani mai babbar riga ya ce, 'Hajiya, gawar me kika ɗauko?' Na ce ta kakarka. Direba ya ce a sa a but ɗin mota, na ce ga jarkar manja a but ɗinka, ba za a sa ba. Ya ce to a ɗaure a sama, na ce hadari ya haɗo. Ya sauke ni. Mota ta biyu ma haka. Ƙarshe a bayan a-kori-kura na taho, tsakanin buhunan gawayi da tunkiya, tunkiyar ma juya mini baya ta yi."

Yaran suka fashe da dariya, rabon da a yi irinta a gidan tun kafin ruwan farko. Ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ba ni labarin Gwaggo. Ta ce tsohuwar ta saurare ta har ƙarshe, ta laluba ta kama kunnenta ta murɗa, ta ce, "'Yar Kano, uwarki ta goya ki da wannan warin." Sannan ta sa matar jikanta, wadda ke yin sana'ar yanzu, ta ɗauko kwando ɗaya cikin nasu, ta kuma sa aka raba tsohon buhunsu biyu da wuƙa aka ba ta rabi. Ta ce tare suka gaje shi da Inna, don haka ba kyauta ba ce, rabonmu ne.

"Ta kuma ba ni saƙo. Ta ce ki juye da zafinta, ko Sarki ne ya yi sallama. Ta ce kuma in kin zo rufewa ki kawar da fuska, kada ki yi kuka a kai. Hawaye gishiri ne."

Na ce na ji.

Dafuwar ƙarshen nan ban taɓa yin aiki cikin natsuwa irinta ba, kuma Talatu ce sila. Ta kwashe gishiri da mai da sabulun gidan ta kulle a akwatinta. Ta ɗaure awaki a waje. Ta ja layi da gawayi a tsakar gida, ta ce wa yaran duk wanda ya tsallaka sai ya bi ta Kano a ƙafa. Ta ja ruwa a rijiya har tafin hannunta ya yi kanta. Ranar juyewa ta ɗauki tabarma ta zauna a bakin zaure. Kamar an aiko su, sai ga mata daga Sara sun zo gaisuwa. Ina jin ta daga bakin murhu.

"Sannunku da zuwa, ku zauna nan. Mai takaba tana kan aiki, ba za ta fito yanzu ba."

Wata ta ce, "Hajiya, ai ita muka zo gani."

"Za ku gan ta. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, ku fara da ni. In gaisuwar ta ƙare kafin ta fito, sai mu sake daga farko."

Na tsane kalwar, na shimfiɗa rabin buhun Gwaggo a kwandon, na juye tana ƙona mini yatsu, na barbaɗa toka, na naɗe, na lulluɓe da sabon buhun a sama, na danne. Na kawar da fuska kamar yadda aka ce. Na ja ƙyaure, na wanke hannu, na fito na amsa gaisuwa.

Ban buɗe ba, ban kuma bar kowa ya buɗe ba. Talatu ce ma ta fi yaran damuna. Ta wuce ta ƙofar ta dawo, ta kara hanci a jikin ƙyaure. "Amarya, ni fa ban ji komai ba." Na ce ta yi haƙuri. Wayewar gari ta biyu na shiga na ɗora hannu a kan buhu. Da ɗumi. Ban gaya wa kowa ba, don na taɓa yin gaggawa. Na bar ta ta ƙara kwana.

Da na ɗaga buhun da hantsi, warin ya bugi idona har ya kawo ruwa. Kalwar ta yi duhu, ta yi laushi, na ɗebo da hannu na ɗaga, yauƙi ya biyo ta kamar zare bai tsinke ba. Talatu tana bakin ƙofa, ta toshe hanci da mayafi, tana cewa, "Ta yi? Ki yi magana mana, ta yi?" Na ce a kawo turmi.

Muka daka tare, ita da taɓarya ɗaya ni da ɗaya. Na gutsiro ta farko, na mulmula, na mara, na shafa mata makuba. Sai na miƙe da ita a tafin hannu na nufi waje. A gidanmu marin farko na maigida ne. Ana kai masa gindin darbejiya, ya gutsiri gefe ya sa a harshe, ya ce madalla, sannan a ci gaba. Na kai tsakiyar zaure kafin in tuna. Na tsaya a nan, ban ci gaba ba, ban kuma juyo ba.

Talatu ta biyo ni, ta tsaya a gefena. Ba ta kalli fuskata ba.

"Kawo nan," ta ce. "Ba ki rasa miji a gidan nan ba, ga ni."

Ta gutsiri gefe ta sa a harshe, ita da ba ta taɓa cin daddawa ɗanya ba. Ta yamutsa fuska, ta rufe ido, ta daɗe tana juya ta a baki.

"Ta Inna ce," ta ce. "Wallahi ta Inna ce."

Ta ƙwala wa Hadiza kira, ta naɗe ragowar a ganye ta ba ta. "Kai wa Baffanku Garba. Ki ce in ji ni, a sa masa a miyar yau. Ki ce kuma yara suna gidan ubansu."

Yaya Garba bai sake tayar da maganar ba. Ni kuwa na koma bakin turmi, don rana ta fito, kuma a damina ba a san lokacin da za ta koma ba.